Ina rawa ta shiga a fim ɗin Hausa?

A teburan masu shayi na Ojoo a Ibadan, inda direbobin tirela da 'yan gwari ke hutawa da daddare, abin da ake kallo a waya sananne ne: Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa. Zance ne da makirci, mako bayan mako. Rawa kuwa ta yi ɓatan dabo, kuma ni a ganina asara ce.

Ku dubi Adam A. Zango. Kiɗa da rawa ne suka fito da shi, har aka laƙaba masa Usher, kafin fina-finan Basaja da Gwaska su zaunar da shi a sahun manyan jarumai. A wancan zamani, tun daga fim ɗin Sangaya na Ali Nuhu da Fati Muhammad, fim ɗin da ba waƙa ba rawa da wuya ya yi kasuwa. Yau saurayin da ya iya taka rawa sai dai ya nufi TikTok, ko gidan biki a yi masa liƙi. Darakta ba ya nemansa.

Dalili kuwa, kasuwar faifai ta mutu, kuma mai shirya fim mai dogon zango ba zai ƙona kuɗi kan waƙa ba. Ga kuma tsoro. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma kowa ya ga yadda ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ.

Masu cewa gwamma haka suna da tasu hujjar: yawancin rawar nan kwaikwayon Indiya ce, saurayi da budurwa suna zagaye bishiya. Na yarda. To amma don ta aro ta tafi, ina ta gida? A nan Ibadan aka buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a 1959, kuma Yarabawa irin su Hubert Ogunde rawar gidansu suka ɗauko daga dandamali suka kai ta fim, ba su ji kunya ba. Mu muna da koroso, da takai, da rawar kalangu ta mahauta, amma darakta nawa ne ya taɓa gina labari a kansu?

Yaran da aka haifa a unguwannin Sabo da Ojoo, waɗanda Yarabanci ya fi Hausa kama bakinsu, sun fi sanin gangar bata ta Yarabawa a kan kalangu. Maƙwabcinmu Bayarabe ma, wanda a da kan tsaya kallon Zango yana taka rawa ko bai ji kalma ɗaya ba, ba zai zauna wa Labarina ba sai an sa masa fassara.