Makashin da Bai San Kansa Ba: Nazari a kan Sharon ta Battlestar Galactica

Akwai wata dabara da masu tsara wasannin talabijin na Amurka su ke yawan komawa gare ta, musamman a labaran ƙagen kimiyya, inda a ke shiga jirage a yi ta yawo tsakanin taurari. Dabarar kuwa ita ce a sami amintaccen mutum, abokan gaba su kama shi, su binne wani umarni a cikin ƙwaƙwalwarsa ba da saninsa ba, sa'an nan su sake shi. Yana nan yana ci yana sha da 'yan'uwansa, ran da aka tayar da umarnin sai ya zare makami.

Asalin abin tsoro ne na zamanin Yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, sa'ad da fursunonin yaƙi 21 na Amurka suka ƙi komawa gida. Mutanensu suka kasa yarda cewa da hankalinsu suka ƙi, sai suka ce wanke musu ƙwaƙwalwa aka yi. Daga nan Richard Condon ya rubuta The Manchurian Candidate a 1959, aka mai da shi fim a 1962, masu talabijin kuma suka yi ta ɗiba.

To, aibin dabarar shi ne sauƙinta. Tana ba marubuci laifi ba tare da mai laifi ba. Dubi kashin Star Trek: The Next Generation mai suna "The Mind's Eye", na 1991. Romulan suka sace injiniya Geordi La Forge, suka shirya shi ya harbe wani gwamnan Klingon, aka ture hannunsa daidai lokacin harbin, aka tona makircin. An dai nuna ruɗewarsa a ƙarshe, amma mako na zagayowa ya koma bakin aikinsa fes, ba wanda ya ƙara dubansa da ido biyu. Wasa ne mai daɗin kallo, sai dai bai tambayi mai kallo kome ba.

Ba haka Ronald D. Moore ya yi da Sharon Valerii ba, wadda a ke yi wa laƙabi da Boomer, a Battlestar Galactica na 2003 zuwa 2009. Sharon matuƙiya ce a jirgin yaƙin da ke rakiyar ragowar 'yan Adam, kimanin 50,000, bayan Cylon, halittun da mutane suka ƙera da hannunsu, sun halaka duniyoyinsu. Ita kuwa Cylon ce mai siffar mutum, an dasa mata tunanin iyaye da ƙuruciyar da ba ta taɓa yi ba. Tun a ƙarshen kashin buɗewa na 2003 aka gaya wa mai kallo wannan. Saboda haka ba a bar mu da neman ko wane ne maci amana ba. Abin da ya rage mu gani shi ne yadda za ta yi da zargin da ta ke yi wa kanta.

A kashin "Water" ta farka sharkaf da ruwa, ba ta san inda ta je ba, ga nakiya a jakarta. Ba a jima ba tankunan jirgin suka fashe, fiye da rabin ruwan sha ya zube. A nan ne wasan ya rabu da sauran: ba ta kai rahoto ba. Ta gaya wa masoyinta Tyrol, shugaban makanikai, suka rufe maganar su biyu. Fasa tanki ba da saninta aka yi ba, amma ɓoyewar da hankalinta ta yi, don tsoron abin da za a yi mata. Daga nan ba mai iya wanke ta sarai, ba kuma mai iya ɗora mata laifin duka. Da aka aike ta neman ruwa, na'urarta ta nuna an samu, bakinta ya ƙi faɗa, hannunta yana sulalewa wajen wata nakiya da ke ɓoye kusa da kujerarta, sai da ƙyar ta fizgo maganar. A ganina Grace Park, wadda ta fito a matsayin Sharon, ba ta yi wasan da ya fi na wannan wuri ba, domin an ga mutum biyu suna kokawa a fuska ɗaya ba tare da an yi bayani ba.

Malaman da ke koyar da Jiki Magayi za su gane wannan matsala. Kyauta ma sammu aka yi masa ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa, kuma ɗalibai kan tambaya nawa ne rabonsa a cikin laifin, nawa ne na Abubakar da ya nemo maganin. Bambancin shi ne a wajen Sharon ba wani magani da za a karya, domin umarnin da ita tare aka halicce su.

Kuma ba ita kaɗai ke da alhaki ba. Baltar, masanin kimiyya, ya gwada jininta ya ga gaskiya, tsoro ya sa ya ce mata ita mutum ce. Ta nemi kashe kanta, harsashi ya fasa kumatunta kawai. A ƙarshen zangon farko, 2005, ta tarwatsa babban jirgin Cylon, ta dawo, Kwamanda Adama ya miƙa mata hannu yana yaba mata, sai ta harbe shi sau biyu a gaban hafsoshinsa. Harbin ya girgiza masu kallo, alhali kuwa an fi shekara guda ana gargaɗinsu.

Inda na ke ganin marubutan sun yi sako-sako shi ne daga baya, da suka tashe ta a sabon jiki, suka yi ta kai ta suna komowa da ita tsakanin ɓangarorin biyu gwargwadon bukatar labari, har aka daina sanin abin da ta ke so. Amma kafin wannan sun yi abu guda mai nauyi. Ana wucewa da ita a ɗaure, wata makanikiya mai suna Cally ta harbe ta, ta mutu a hannun Tyrol. Adama, wanda ya warke, ya yanke wa Cally kwana 30 a gadurum, laifinta kuwa harba bindiga a cikin jirgi ba da izini ba.