Tsohon da Ya Rufe wa Houdini Ido

Daren jiya sau goma sha ɗaya na kalli wani bidiyo, kuma da uwargida ba ta yi magana ba da na cika ashirin. In ka ji bayaninsa a baki sai ka ce ba wani abin a zo a gani. Wani tsohon Bature ne mai furfura da ɗan siririn gashin baki, gabansa tebur, a kan teburin kofuna uku na ƙarfe, ƙananan ƙwallaye uku da 'yar sanda. Ba hayaƙi, ba ganga, ba akwatin da za a sa mace a ciki a raba ta biyu. Ya ɗauki ƙwallo ya sa a hannun hagu, ya juya sandar, ya buɗe hannun, wayam. Ya ɗaga kofi, ga ta nan zaune kamar a can aka haife ta. Can tsakiyar wasan har ya yi kamar zai tona wa kansa asiri, ya nuna maka yadda ake yi a ga kamar an sa ƙwallo a hannu alhali ba a sa ba. Kana cikin murnar ka gano shi, sai ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya, manyan ƙwallaye su bayyana, kowace da ƙyar kofin ya rufe ta. Wallahi ihu na yi ni kaɗai a ɗaki.

Sunansa Dai Vernon. Abokan sana'arsa Farfesa kawai suke ce masa, ko da yake ba wata jami'a da ta naɗa shi.

Kafin wani ya fara neman tsari, bari in share wannan. Mu a nan da an ce dabo ko siddabaru sai hankali ya tafi ga layu da hatsabibai da aljanu. Wannan ba shi ba ne. Ba tsafi a ciki ko na anini. Aikin yatsu ne, da sanin inda idon ɗan Adam ke zuwa da inda ba ya zuwa, da maimaita abu ɗaya sau dubbai. Rufa-ido ne na kusa da kusa, wanda ake yi a kan tebur, da karta ko tsabar kuɗi ko kofi, mai kallo na zaune inda in ya miƙa hannu zai taɓa naka. Shi ya sa na fi ganin girmansa a kan na babban dandali. A dandali akwai labule da fitilu da tazara. A nan kuwa daga kai sai yatsunka goma sai idon mutum a kansu.

An haifi Vernon a Ottawa ta ƙasar Kanada a 1894, sunansa na yanka David Verner. Yana yaro wani ɗan littafi ya faɗo hannunsa, The Expert at the Card Table, wanda aka buga a Chicago a 1902. Marubucin ya sa sunansa S. W. Erdnase, kuma har gobe ana gardamar ko wane ne. In ka karanta sunan daga baya sai ya zama E. S. Andrews, to nan masu bincike suka yi ta laluben duhu. Littafin ya bayyana dabarun da 'yan caca ke cutar juna da su a teburin karta. Yaron nan ya haddace shi kamar yadda almajiri ke haddace allonsa, ya kuma ci gaba da bitarsa har tsufa.

Abin mamaki, yawancin rayuwarsa ba da dabo yake ci ba. Da ya koma New York, sana'arsa ita ce yanka hoton mutane da almakashi: ka zauna, ya dubi gefen fuskarka, ya yanko kamanninka a baƙar takarda cikin 'yan mintuna, ka biya shi ka tafi. Da wannan yake samun na tuwo a wuraren shaƙatawa irin su Coney Island. Dare kuwa na karta ne.

Sai labarin da ya sa na raɗa wa wannan sharhi suna. A 1922 babu mai rufa-ido a duniya da ya kai Harry Houdini suna, mutumin da ake ɗaurewa da sarƙa da ankwa ya kuɓuce. Houdini yana cika baki cewa duk dabarar da aka yi a gabansa sau uku sai ya gano ta. A wata liyafar masu sana'ar a Chicago, wani saurayi ɗan shekara 27 ya miƙa masa kati ya sa hannu a kai. Saurayin ya cusa katin ƙarƙashin na sama, a hankali, Houdini na kallo. Ya juya na saman, sai ga katin Houdini. Aka sake. Aka kuma sakewa. Masu ba da labarin sun ce sai da aka yi sau bakwai, gogan naka bai gano komai ba. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta! Daga nan Vernon ya riƙa tallata kansa da laƙabin mutumin da ya rufe wa Houdini ido. Ni abin da ke kashe ni a labarin shi ne ƙanƙantar abin. Kati ɗaya tak.

Amma labarin da na fi so shi ne na 1932. Vernon yana garin Wichita a jihar Kansas yana yankan hotunansa, sai aka kai shi gidan yari ya gana da wani ɗan caca ɗan Meziko da ke tsare. Mutumin ya ce ya taɓa ganin wani a wajajen Kansas City da ke iya zaro kati daga tsakiyar karta, kowa na ganin daga sama ya ɗauko. Ga dalilin da ya sa wannan magana ta hana Vernon barci. Macuci yakan ɓoye katunan da yake so a ƙasan karta, ya riƙa zarowa daga can lokacin rabo. Maganinsa shi ne yanka: kafin a raba, wani ɗan wasa ya raba kartar biyu ya ɗora ta ƙasa a sama, katunan macuci su nutse a tsakiya, shi ke nan an kashe masa kasuwa. Wanda ya iya rabo daga tsakiya kuwa, yanka ba ta dame shi ba. Manyan masana suna ganin abin ba ya yiwuwa. Vernon ya ajiye almakashi, ya shiga gidajen caca da mashaya yana cigiya, har ya dira a wani ɗan ƙaramin gari, Pleasant Hill a jihar Missouri, ya sami mutumin. Allen Kennedy sunansa, ya kuma zauna ya nuna masa. Karl Johnson ya rubuta littafi sukutum a kan wannan farauta a 2005.

Kada a ce ina yabon caca. Caca mugun abu ce, duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yan wala-wala ke wanke baƙo a tasha ya sani. Abin da Vernon ya je nema wurin waɗannan mutane darasi ɗaya ne. Mai dabo in an kama shi dariya za a yi masa. Macuci in an kama shi a teburin kuɗi, ƙila ransa ne. Saboda haka hannun macuci ba ya rawa, ba ya burga, ba ya yin komai da ya bambanta da na sauran mutane. Wannan shi ne abin da Vernon ya ɗauko ya zuba a cikin rufa-ido, ya shekara sittin yana nanata wa duk wanda ya zauna kusa da shi: ka yi komai yadda ka saba yi. In za ka ɗauki kati biyu a matsayin ɗaya, to ka fara lura da yadda kake ɗaukar ɗaya in ba ka da wata manufa, sannan ka sa na ƙaryar ya yi kama da shi sak. Ya tsani wasan da ke rikita mutane. A wurinsa, in mai kallo ya rikice bai san me ya faru ba, ba ka yi komai ba. Sai ya fahimci komai sarai, ya kuma rasa ta inda aka bi.

Mu kan ce saurin hannu. Kallon Vernon ne ya sa na daina faɗar haka. Tsohon nan ba ya sauri ko kaɗan.

Dubi wasansa da ake kira Triumph, wanda ya fito a rubuce a shekarun 1940. Ka zaɓi kati, a mayar. Ya raba karta biyu, rabi na kallon sama rabi na kallon ƙasa, ya cakuɗa su a gabanka har ka ga sun hargitse. Ya shimfiɗa su a tebur: duk sun koma fuska ɗaya, sai katinka kaɗai ya juya. Yau da wuya ka sami mai wasan karta, daga Tokyo har Madrid, da ba ya yin wani nau'i na wannan. Da yawansu ma ba su san na wa suke ci ba.

A 1963 'yan'uwa biyu, Milt da Bill Larsen, suka buɗe wani kulob na masu rufa-ido a Hollywood mai suna Magic Castle. Vernon ya tare a can yana dab da shekara 70, ya sami wata kusurwa ya zauna da sigarinsa da kartarsa. Nan fa zaure ya buɗe. Samari suka riƙa barin garuruwansu suna komawa Los Angeles don kawai su zauna kusa da shi, irin su Larry Jennings da Bruce Cervon, daga baya Michael Ammar da John Carney. Duk wanda ya san yadda ake ɗaukar karatu a zauren malam zai gane wannan zama: ba aji, ba takardar shaida, ka zo ka nuna abin da ka iya, a ce maka bai yi ba, ka koma ka gyara.

Kai, dubi irin 'ya'yan da zauren ya haifa! Ricky Jay, wanda ke jifa da kati ya huda ɓawon kankana, wanda wasansa na 1994 a New York, shi da katunansa 52 da ya kira mataimakansa, ya sa manyan masu sharhin wasan kwaikwayo suka ɗauki karta da daraja. Masu kallon fina-finan James Bond sun gan shi a Tomorrow Never Dies. Doug Henning, ɗan Kanada, sai da ya nemi tallafin hukumar raya fasaha ta ƙasarsu don ya je ya yi karatu wurin Vernon, ya dawo ya farfaɗo da rufa-ido a Broadway a 1974. Richard Turner, wanda ya fara rasa ganinsa tun yana ɗan shekara 9, ya shekara 17 tare da Farfesa, ga shi makaho amma yana raba karta yadda masu ido ke riƙe baki. In ka sami fim ɗin Dealt na 2017 a kan rayuwarsa, kada ka bari ya wuce ka.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Persi Diaconis. Yana ɗan shekara 14 ya bar gida da makaranta ya bi Vernon yawo, tun kafin zaman Hollywood. Sai da ya kai 24 ya koma aji, ya yi digirin digirgir a Harvard, ya zama farfesan lissafi na gaske a Stanford. A 1992 shi da Dave Bayer suka nuna da lissafi cewa sai an cakuɗa karta kamar sau bakwai kafin ta hargitse sosai. Shekarar ce kuma malaminsa ya rasu a Kalifoniya yana da shekara 98.

Na san masoyan Slydini za su ce na yi son kai, kuma suna da hujja. Ɗan Italiyan nan da ya tashi a Ajantina yakan zaunar da mutum ɗaya a kujera, ya riƙa wurga dunƙulen takarda ta saman kansa, duk zauren na gani suna dariya, shi kaɗai bai gani ba. Ga René Lavand na Ajantina, wanda mota ta raba shi da hannun dama yana ɗan shekara 9, ya ƙirƙiro dabarunsa da hagu kaɗai domin ba littafin da aka rubuta don mai hannu ɗaya, yana yi yana gaya maka ba za a iya yin abin a hankali fiye da haka ba. Ga Juan Tamariz na Sifaniya da hularsa da ihunsa da gogen da yake kaɗawa a iska ba goge. Kowannensu sarki ne. Sai dai kusan duk hirar da na saurara da manyan wannan fanni, in aka tambaye su wa ya buɗe musu ido, a yi nan a yi can sai an dawo kan tsohon kusurwar nan.

Ba waliyyi ba ne, kuma soyayya ba za ta sa in ɓoye ba. Mutumin da zai bar aiki ya tafi neman wani ɗan caca a wata jiha ba shi ne maigidan da mace ke addu'ar samu ba. Iyalinsa sun sha wahalar wannan son karta, kuɗi ba su zauna masa ba, alkawarin wasa ma yakan saɓa. Da ya rasu aka ƙona gawarsa bisa al'adar wasunsu, aka ajiye tokar cikin wani ɗan akwati a Magic Castle.

Ni dai na sayi karta a kasuwa wata uku da suka wuce, na ce bari in gwada ɗaukar kati biyu a matsayin ɗaya. Kullum bayan sallar isha'i ina gaban madubi. Makon jiya na ga hannu ya faɗa, na kira 'yata mai shekara 8, na ce ta zuba ido. Na juya katin da dukkan natsuwar da na koya wurin Farfesa. Ta dubi hannuna, ta dube ni, ta ce, "Baba, ai guda biyu ka ɗauka."