Dokin da Ya Wargaje: Sharhi kan Tsofaffin Kuɗin Seltawa

Masu tara tsofaffin kuɗi a Turai suna da wani ma'auni wanda a ganina bai yi wa kuɗin Seltawa adalci ba. Tambayarsu kullum ita ce: hoton ya fito sarai? Ya zauna a tsakiya? Bai goge ba? Wanda ya cika waɗannan shi ke tsada.

Asalin hoton dai daga zinariyar Sarki Filib na 2 na Masedoniya ne, wanda ya rasu a shekara ta 336 kafin haihuwar Annabi Isa: kan Afolo a gaba, keken dawaki biyu a baya. Da maƙeran Gol, watau Faransa ta yau, da na Ingila suka yi ta kwaikwayonsa, sai fuskar ta ɓace a wasu, aka bar gashi da kambin ganye. Dokin kuwa ya rarrabu, gaɓoɓinsa suka koma ɗigo-ɗigo da lanƙwasa kamar lauje. Masanan da sun kira wannan lalacewa. Ni ban yarda ba. A dubi zinariyar ƙabilar Parisi, wadda birnin Paris ya ci sunanta: lanƙwasar dokin tana tafiya bisa tsari, ana maimaita ta. Hannun da bai ƙware ba ba ya haka.

Maganar tsakiya ma da sauran gyara. Sau da yawa hatimin bugun ya fi ƙarfen faɗi, saboda haka kuɗi ɗaya ba ya ɗaukar hoton duka. Sai an jera da yawa, irin kusan 70,000 da aka tono a tsibirin Jersey a 2012, ake haɗa zanen. Ashe kuɗin da ya karkace, wanda ɗan kasuwa ke karya wa farashi, shi ke nuna gefen da saura suka rasa.