Yaro Ya Wallafa, Wa Ya Karanta?

Insha'in makaranta mai karatu ɗaya gare shi, wato malami da jan bironsa. Yaro ya rubuta "Makarantarmu" ko "Yadda na yi hutun Sallah", a ba shi bakwai bisa goma, littafi ya koma jaka, ƙarshenta ya ƙare a hannun mai ƙosai. Shirye-shiryen da ke ɗora rubutun ɗalibai a intanet sun zo da alƙawarin kawar da wannan. A cewarsu, idan yaro ya san wani baƙo a wata ƙasa zai karanta shi, zai zage damtse.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice shi ne 100 Word Challenge, wanda Julia Skinner, tsohuwar shugabar makarantar firamare a Ingila, ta assasa. Tsarin ba shi da wuya. Kowane mako a ba da 'yar jimla ko hoto, yara su rubuta kalmomi ɗari a kai, a ɗora a shafin ajinsu, sannan wasu manya 'yan sa-kai su bi su karanta su bar tsokaci. Dole a yaba wa iyakar kalmomin nan. Yaron da cika shafi biyu ke ba shi tsoro ba zai ji tsoron ɗari ba, mai surutu kuma dole ya koyi yanke abin da ba shi da amfani, darasin da wasu marubutanmu masu littafi na ɗaya zuwa na biyar har yau ba su ɗauka ba.

Inda nake da ja shi ne abubuwa biyu da irin wannan tsari ke barinsu a hannun manya: batun da za a rubuta, da amsar da za a bayar.

Idan babba ne ya zaɓi batu, yaro yakan rubuta abin da yake zaton ana so. Shi ya sa labaran yara suke cika da dodanni da ƙofofin sihiri da aka aro daga talabijin, kuma da kalmomi sun kusa ƙarewa sai a tsere ta tsohuwar ƙofa, "sai na farka, ashe mafarki nake yi". Tsokacin kuwa, tunda an gina shi a kan ƙarfafa gwiwa, da wuya ya wuce yabo. Mu ma mun san irinsa. Duk mai bin littattafan Hausa a WhatsApp ko Wattpad ya saba da "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba". Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna wa marubuci ko an karanta shi, balle inda labarinsa ya yi rauni. Yaro kuwa ba wawa ba ne, yana gane yabon da za a iya liƙa wa kowane rubutu.

Abin mamaki, an riga an warware wannan tun kafin a san kwamfuta. A 1924, wani malamin ƙauye a kudancin Faransa, Célestin Freinet, ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i ajinsa a Bar-sur-Loup. Ba ya ba da batu. Yaro ya rubuta abin da ya ga dama, lokacin da ya ga dama. A karanta a gaban aji, yara su zaɓi guda, a rubuta shi a allo, a taru a gyara tare da mai shi, sannan su jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannunsu su buga. Wanda ya ɓata rabin yini yana jera jimla ba zai bar kalmar banza a ciki ba. Daga baya suka soma musayar abin da suka buga da ajin wani malami, René Daniel, a can yankin Biritaniya ta Faransa, bakin teku. 'Ya'yan manoman tudu suna rubuta wa 'ya'yan masunta. Mai karatun nan ba yabo ya zo yi ba, tambaya ce da shi, domin da gaske bai san yadda ake rayuwa a garinku ba. Tambayar sa'anka ta fi jan biro tilasta maka bayani.

Intanet ta sauƙaƙa bugawa har ta zama danna maɓalli, amma a hanya matakan tsakiya sun zube: zaɓen aji, gyaran taro, da sanannen mai karatu da zai dawo mako mai zuwa. Shafin makaranta da aka jibge rubutu hamsin a kai, kowanne da "madalla" a ƙarƙashinsa, bai wuce allon sanarwa ba.

Sai dai 'yancin batu yana da farashi, kuma Freinet ya biya. Bayan ya koma Saint-Paul, wani ɗalibinsa ya rubuta mafarkin da ya yi, inda aji ya yi wa magajin gari bore saboda ya hana su kayan karatu, har yaron ya kashe shi da wuƙa. Ga mafarki nan kuma, amma wannan ba ƙofar tserewa ba ce, ɓacin ran yaro ne a kan abin da yake gani kullum. Abokan hamayyar malamin suka liƙa rubutun a bangon gari, rikici ya tashi, a 1933 aka raba shi da makarantar. Sai a 1935 ya buɗe tasa a Vence.

Wannan takarda ce a ƙauye guda. Yau idan yarinya 'yar aji biyu na sakandare ta rubuta gaskiyar zaman kishi a gidansu, da cikakken sunanta da na makarantarta a sama, hoton rubutun zai riga ta isa gida, kuma yana nan bayan shekara goma. Malamin da ke son rubutu mai rai dole ya zauna da ita kafin a ɗora, su sauya sunaye, su yanke shawarar ko wannan na aji ne kawai. Makarantu da yawa sun fi son su guje wa wannan zama, sai su koma ba da batun dodanni.