Gentium: Kyan Harafi da Raunin Siranta

Gentium salon haruffa ne da Victor Gaultney ya zana lokacin da yake karatu a Jami'ar Reading ta Ingila. Ƙungiyar SIL ta fito da shi a 2002, kuma kowa na iya amfani da shi kyauta. Sunan daga Latinanci yake, ma'anarsa "na al'ummai", domin an yi shi ne don harsunan duniya masu rubutun boko.

Yana cikin jinsin haruffa masu ƙafa, wato waɗanda ake yi wa ɗan gajeren layi a ƙarshen kowace sanda, kamar Times New Roman. Sai dai Gentium ya fi shi laushi. Sandunansa sirara ne, lanƙwasarsa ta yi kama da jan alƙalami, manyan baƙaƙensa kuma ba su cika tsawo ba, don haka ba sa danne ƙanana. Shafin da aka buga da shi yana fitowa da haske, ba ya gajiyar da ido.

Ga ɗalibin Hausa, babbar falalarsa ita ce haruffa masu ƙugiya. A da, ana buga k ne a keken rubutu, sannan a ƙara mata ƙugiya da biro. A Gentium kuwa ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ta rubutun Nijar, duk an zana su tare da sauran haruffa, ƙugiyar ta fito daga jikin sanda tamkar reshe. Haka alamomin karin sauti da na tsawon wasali suna zama daram a kan wasula. Shi ya sa ya dace da ƙamus, da kundin digiri, da littafin nahawu.

Amma sirantar da ta ƙawata shi ita ce rauninsa. Takardun darasi sukan sha fotokofi, wani a kan wani, da inji mai ƙarancin tawada. Abin da ke fara dushewa shi ne siririn layi, ƙugiya kuwa tana cikinsu. Da zarar ta ɓace, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki, ɗari ya koma dari. Wanda ya tashi da Hausa zai cike giɓin daga ma'anar jimla, amma mai koyo zai haddace kuskure ne bai sani ba.

Saboda haka, Gentium na bugu mai tsabta ne, a girman lamba 11 ko 12. Takardar da za ta shiga fotokofi gara a buga ta da Gentium Book, wanda ya ɗan fi kauri, ko da Charis SIL mai ƙarfin sanda. Kafin a zaɓi salon haruffa, a buga shafi ɗaya, a yi masa fotokofi sau uku a jere, a duba ko ƙugiyar ƙ tana nan.