Jinjina ga Masu Share wa Imel Hanya

Duk imel ɗin da ya isa ofis lafiya, akwai ma'aikacin da ya share masa hanya, galibi ba a ma san sunansa ba. Shi ke tsara bayanan kamfani a DNS, wato kundin adireshin intanet: MX mai nuna sabar da za ta karɓi saƙo, SPF mai fayyace sabobin da aka yarje wa aikawa da sunan kamfanin, sai DKIM, sa hannun da ke shaida ba a taɓa wasiƙa a hanya ba.

Aiki ne na mai haƙuri. Ɗigo guda da aka manta a ƙarshen sunan saba ya isa ya ɓatar da wasiƙun kamfani kakaf. In za a sauya saba, tun ana saura kwana biyu yake rage TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe bayanin DNS kafin a sake nemo shi, domin canjin ya yaɗu da wuri, sannan ya jira dare, ya yi ta bin rahoton saba layi-layi kowa yana barci.

Tun Fabrairun 2024 da Gmail ya wajabta DMARC, ƙa'idar da ke faɗin yadda za a yi da wasiƙar da ta faɗi gwajin SPF da DKIM, ga masu aika masa saƙo dubu 5 a rana, nauyin ya ƙaru, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka ba ƙorafi. Ba don shi ba, da takardun ciniki sun riƙa faɗawa kwandon shara, 'yan damfara kuma su yi ta karɓar kuɗin jama'a da sunan kamfanin.