Mai Zane A Cikin Taron Jama'a: Aikin Domiye Na Faransa

Duk ɗan makarantar da ya taɓa riƙe fensir ya san zana tulu ko kujera ba shi da wuya, don inda aka ajiye su nan za su tsaya har a gama. Amma a ce wa yaro ya tafi kasuwa ya zano mai tallan da ke wucewa, ko tsohon da ke gyangyaɗi a tashar jirgi, nan ne za a ga gumi. Kafin ya gama kai, mai kan ya juya. Kafin ya zo ga ƙafa, mai ƙafar ya yi gaba. To, yau muna so mu duba aikin wani Bafaranshe wanda ya ƙare ransa a kan irin wannan zane, mu ga inda ya yi gwaninta, mu kuma ga inda ya kasa, don ku sami abin aunawa in kun ɗauki fensir.

Sunansa Honoré Daumier, a baki kuwa Domiye a ke cewa. An haife shi a Marsel cikin 1808, ya girma a Faris, ya mutu cikin 1879. Ubansa mai sa gilashi a taga ne, ba mai hali ba, saboda haka tun yana yaro aka sa shi aikin aike wurin wani ma'aikacin shari'a. Kullum yana ƙofar kotu, yana kallon lauyoyi da masu ƙara. Daga baya ya koyi bugun dutse. Watau a sami faffaɗan dutse mai laushi, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, sa'an nan a jiƙa dutsen, a shafa tawada. Da ya ke ruwa da mai ba su haɗuwa, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi. In an danna takarda a kai sai zanen ya fito, a yi ta bugawa ɗari bisa ɗari. Da wannan sana'a ya ci abinci, har ya bar zane wajen 4,000, yawancinsu a jaridu.

Da fari sarakuna ya ke zanawa. Cikin 1831 ya zana Sarkin Faransa Luwi Filib da siffar wani ƙato mai kai kamar gora, ya hangame baki, ana ta ɗura masa kuɗin da aka karɓo daga talakawa. Saboda wannan aka ɗaure shi wata 6 cikin 1832. Da 1835 ta zo aka kafa doka mai tsanani ta hana jaridu yi wa masu mulki ba'a da zane. Ganin an toshe wannan ƙofa, sai ya juya ga mutanen titi: masu jiran mota, masu kallon wasa, masu haya da masu gida, mata masu wanki a bakin kogin Sen. Abin da aka yi don a rufe masa baki, shi ya buɗe masa ido.

A ganinmu, aikinsa da ya fi duka shi ne zanen taragon jirgin ƙasa mai daraja ta uku, watau na talakawa, wanda ya yi da fenti tsakanin 1862 da 1864. Ɗaya yana gidan ajiye zane na Metropolitan a Niyu Yok, wani irinsa kuma yana Otawa ta Kanada. A bencin gaba mutum huɗu ne. Daga hagu ga wata mace ta sunkuyar da kai ga jaririn da ke ƙirjinta. A tsakiya ga tsohuwa ta lulluɓe kai, ta ɗora hannu biyu a kan marikin kwandon da ke cinyarta. Daga dama ga yaro barci ya kwashe shi, ya langaɓe. Bayansu kuwa fasinjoji ne cunkus, waɗansu da dogayen huluna, wannan ya ba wancan baya. Haske kaɗan ne ke shigowa ta taga.

Ku lura da abin da bai yi ba. Bai tsaya ƙirga maɓallan riga ba, bai zana saƙar kwandon sili sili ba, fuskokin na baya ma layi biyu uku ne kurum. Amma hannuwan tsohuwar nan ya ba su haƙƙinsu, kowa ya gan su ya san hannuwan da suka sha aiki ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Domiye ya nuna mana a kan tambayi kafaɗa ma, da wuya, da yadda mutum ya ke sakin nauyinsa a kan benci in gajiya ta kama shi. Bai sa su kuka don mu ji tausayinsu ba, bai kuwa sa su dariya don mu ce talauci daɗi gare shi ba. Tsohuwar tana duban gabanta, ba ta roƙon kowa kome. Wannan shi ne mutunci, shi ne kuwa abin da ya fi wuyar zanawa.

Na Niyu Yok ɗin bai ƙarasa shi ba, har yanzu ana ganin layukan awo da ya ja a ƙarƙashin fentin, da baƙin layin da ya kewaye jikin mutanen. Mu dai ba mu ga hasara a nan ba, don ɗan koyo ya fi ƙaruwa da ganin gini tun ba a yi masa yaɓe ba.

Ga wani abin mamaki kuma. Waɗanda suka san shi sun ba da labari ba ya zama a gaban mutum yana kwaikwayon siffarsa. Sai ya yi ta kallo, ya koma ɗakinsa, ya zana da ka. A zamaninmu akwai wata ƙungiya ta masu zanen birni, Urban Sketchers, wadda wani ɗan jarida, Gabriel Campanario, ya fara cikin 2007 a Siyatil ta Amurka. Sharaɗinsu shi ne a yi zane a wurin da abin ya ke, ido na gani hannu na aiki. Sharaɗi ne mai kyau, don yana hana ƙarya, yana kuma hana mutum zana abin da ya ke tsammani maimakon abin da ke gabansa. Amma da za a bi shi kaɗai, da an hana Domiye shiga. Ashe ba zaman wurin ne ke sa zane ya yi gaskiya ba, kallon ne. Wani ya wuni a kasuwa da littafi a hannu bai ga kowa ba. Wani ya wuce sau ɗaya ya tafi da mutum goma a ka.

To, amma mutum tara ya ke bai cika goma ba, ba kuwa za mu ɓoye muku laifinsa ba. Yawancin aikinsa na jarida ba'a ce, ba'ar kuwa iri biyu ce. Tsakanin 1845 da 1848 ya yi jerin zane a kan lauyoyi. A ɗaya ga lauya ya ɗaga hanci yana taƙama, ga gwauruwa da marayanta a gefensa suna tafe cikin baƙin ciki an kā da su a shari'a, shi kuwa abin da ya dame shi daɗin jawabin da ya yi. Wannan ba'a ta zauna daram, don ya san mutanen nan tun yana ɗan aike, ya san yadda su ke kaɗa hannun riga, sa'an nan kuma masu ƙarfi ne ya taɓa saboda marasa ƙarfi.

Amma cikin 1844 ya yi waɗansu zane 40 a kan mata masu rubuta littattafai. A ɗaya ga uwa ta duƙufa kan rubutu, ɗanta kuwa ya faɗa cikin ruwan wanka da ka, ba ta ko waiwaya ba. Hannun gwanin nan ne dai, layin bai yi rauni ba, amma idon ya rufe. Duk matan kusan fuska ɗaya ya ba su, munana, masu dogon wuya, gidajensu kaca kaca. Ga shi kuwa a lokacin nan akwai mace irin George Sand a Faransa, wadda littattafanta suka kai ko'ina cikin Turai. Gaskiya ne sau da yawa masu jaridar ne ke rubuta maganar da ke ƙarƙashin zanensa, ba shi ba; amma fuskokin nasa ne. A nan ba abin da ya gani ya zana ba, abin da masu sayen jarida ke so su yi wa dariya ya zana. Shi ya sa tsohuwar tarago ta ke da rai har yau, waɗannan kuwa sun zama shaida a kan mai zanen, ba a kan matan ba.

Bai yi arziki da aikinsa ba. Jaridar da ya daɗe yana yi wa aiki, Le Charivari, ta sallame shi cikin 1860, sai 1863 ta mai da shi, cikin wannan tsakani na rashi ne kuwa ya sami sukunin yin fenti sosai. Da tsufa ya zo idonsa ya kusa mutuwa. Cikin 1878 abokansa suka tara ayyukansa suka nuna wa jama'a a Faris, shekara guda kafin mutuwarsa.

Saboda haka, 'yan makaranta, in kun fita da fensir, ga abin da mu ke ba ku shawara. Ku fara da kallo, hannu a aljihu, har ku gane inda nauyin mutum ya ke, ko a ƙafar dama ko a ta hagu, ko a kan sandarsa. Ku ja layin baya da kafaɗa tukuna, fuska ta zo daga baya, don mai ɗauke da kaya ko an rufe fuskarsa wuyansa zai faɗi nauyin kayan. In wanda ku ke zanawa ya tashi, kada ku ƙaga sauran, ku buɗe sabon shafi. In kun koma gida ku gwada sake zana shi da ka, ku ga abin da ido ya riƙe. Wanda ya nuna ba ya so a zana shi, ku ba shi haƙuri ku bar shi, don fuskarsa tasa ce. In kuwa kun gama, ku tambayi kanku tambaya guda: da mai wannan siffa zai leƙo ta kafaɗarku ya ga takardar, za ku iya barinta a buɗe, ko kuwa rufewa za ku yi da sauri? Wanda ya iya barin tasa a buɗe, ya kama hanya.